Ranar da Inna Ta Kira Ɗan Farinta da Sunansa

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar Inna, uwar mijina, kuma sai bana na samu ƙarfin halin rubuta abin da ta yi mini. Na jima ina ɗagawa. Duk sanda na ɗauki alƙalami sai in ji kamar tana zaune a bayana tana cewa ni dai ba ni da aikin yi. Amma 'yata Safiya, wadda maganar ta shafi mahaifinta, ta ce in rubuta. Wanda zai ga laifina ya gani, na wuce shekarun da ake tsorata ni da abin da mutane za su ce.

Mutanen unguwarmu a Madina Hajja Tabawa suke kiranta. Tana ƙaramar yarinya iyayenta suka taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa, suka ratsa Cadi da Sudan, in guzuri ya ƙare su tsaya su yi noma, har suka tsallaka teku. A Madina ta girma, a nan ta yi aure, a nan mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Usman ne na fari, kuma shi kaɗai ne namiji. Da soyayyar gyaɗa da kuka da daddawa ta riƙe su, tana sayar wa alhazai. Larabci a bakinta ba a magana, amma al'adun da ta zo da su daga gida ba ta saki ko ɗaya ba. Abubuwan da mu a Kano muka daɗe da mantawa, sai da na zo garin Larabawa na tarar da su a wurin Inna.

An kawo ni ne a farkon shekarun tamanin, na gama makarantar horon malamai, ina ganin babu abin da ban sani ba a duniya. Na so auren, kada wani ya ɗauka tura ni aka yi. Usman direban babbar motar alhazai ne tsakanin Makka da Madina, ɗan ƙasa ne, yana jin Hausa sarai amma rabin amsarsa da Larabci take fitowa. Mutum ne mai fara'a da son raha. Gida ɗaya muke da Inna, wani tsohon bene a lungun da ke kusa da Harami.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne kunyar ɗan fari. Na san ana yi, amma ban taɓa ganin wadda ta riƙe ta kamar Inna ba. Ba ta kiran sunan Usman, ba ta kallon fuskarsa. "Yaron nan" take cewa. In ya tsaya a bakin ƙofa ya gaishe ta, sai ta amsa tana kallon tiren gyaɗarta. In tana da saƙo, ni take gaya wa in gaya masa, alhali yana tsaye yana ji. Akwai wani mai sayar da burodi a lungunmu shi ma Usman, shi ma ta hana shi sunansa, ya koma mai sunan yaron nan. Wata maƙwabciyarmu Balarabiya ta taɓa ja na gefe ta tambaye ni ko riƙonsa kawai aka ba tsohuwar. Shi kansa yakan tsokane ta, ya ce zai kai ta kotu ta faɗi sunan wanda ta haifa. Sai ta ce mini in gaya wa yaron nan ya kiyaye ta.

Ina da tsohon ciki motarsa ta yi haɗari a hanyar Makka. Ya karye a cinya, ya zubar da jini mai yawa, aka ƙara masa jini a wani asibiti, aka sa masa ƙarfe. Yana kwance na haifi Safiya. Inna ta kwashe ni zuwa ɗakinta, ta kama ni da wankan jego da tafasasshen ruwa, a zafin Madina, ga kunun kanwa safe da yamma. Da na yi arba'in sai na fara haɗa kayana, na ɗauka zan koma ɗakina. Ta ce in ajiye. A gidanta ba a kwanika, wato mace ta ɗauki ciki tana goyo, don haka babu komawa wurin miji sai an yaye yarinya, shekara biyu cur.

Na yi gunaguni har na gaji. Ƙawayena haifaffun Madina suka mayar da ni abin dariya, suna tambayata ko ni da tsohuwar aka ɗaura wa aure. Usman ya warke, yana tafiya da ɗan ɗingishi, yana turo ƙanwarsa da roƙo, Inna ta yi kunnen uwar shegu da shi. A lokacin babu wanda ya san abin da wannan taurin kai nata yake tare mini, har ita kanta.

Safiya ta kusa shekara biyu ya koma asibiti a cire masa ƙarfen, suka gwada jininsa. Likita ya kira shi shi kaɗai. Ni ba a neme ni ba, a wancan zamani ba a ga dalilin da za a zaunar da mace a yi mata irin wannan bayani ba. Bayan 'yan kwanaki ina shanya a saman bene da hantsi ya hau ya same ni. Ya faɗa mini kamar yana ba da labarin lalacewar taya. Wai duktur, wato likitan, ya ce akwai wani abu a jinin da aka ƙara masa, ya ambaci sunan. Mun sha jin sunan a rediyo, cutar da yanzu muke kira ƙanjamau, wadda a lokacin ake cewa ba ta da magani kuma ta 'yan iskan ƙasashen waje ce. Ya ce likitan ya gaya masa in zai kusanci iyalinsa sai da kwaroron roba. Sai ya ja tsaki.

Ya ce shi ba mazinaci ba ne. Roba ta masu bin matan banza ce, ba zai shigo da ita gidan uwarsa ba, a garin Manzon Allah. Ya ce in dube shi, ina alamar ciwo a jikinsa? Zai riƙe zamzam da dabinon ajwa da habbatus sauda, Allah ne mai warkarwa. Sannan yana son ɗa namiji. Ina so mai karatu ya yi wa Usman adalci, domin ba mugu ba ne. Tsoro ne ya cika shi. In ya yarda da robar, ya yarda ke nan cewa abin da likita ya faɗa gaskiya ne, shi kuwa bai shirya yarda ba.

Na ci gaba da shanyata. Ranar da za a kawo ni, gwaggonnina sun zaunar da ni sun yi mini huɗuba, yi na yi bari na bari, mace ba ta juya wa mijinta baya a shimfiɗa. Babu wadda ta gaya mini abin da zan yi in shimfiɗar ce za ta kashe ni. Da duk karatuna, sunan abin ma ba zan iya furta shi a gaban mijina ba, kada ya ce a ina na san shi. Ga kuma takardar zamana a ƙasar, iƙama, a hannunsa take. In na ƙi shi ya sake ni, jirgi za a sa ni zuwa Kano, Safiya kuwa 'yar ƙasa ce, nan za ta zauna. Ko in koma ɗakin in ɗauki cutar, ko in ƙi in rasa 'yata. Abin da ke gabana ke nan.

Abu ɗaya ya rage mini, shi ne nono. Muddin Safiya tana sha, ina ɗakin Inna, babu mai taɓa ni. Da Inna ta sayo abin ɗacin da ake shafawa don yaye, na ce yarinyar jikinta da zafi, a bari ta warware. Da ta warware na ce haƙori take yi. Daga nan na ce zafin gari ya yi yawa, a bari a sauko daga aikin hajji. Yarinya ga haƙora cike da baki, tana cin shinkafa da hannunta, tana neman nono da magana. Inna tana ta kallona. Ta san ni ce mai lissafin watanni a gabanta, yau kuma na liƙe a ɗakinta.

Wata safiya ta ce in raka ta Harami. Muka shiga ɓangaren mata, ta nemi gindin wani ginshiƙi inda babu mutane sosai, ta yi nafilarta, sannan ta juyo.

"Ke, me kike gudu a ɗakin can?"

Na fashe da kuka na gaya mata duka. Ta ja carbinta. Abu biyu kawai ta tambaye ni, ko matar mutum tana ɗauka, kuma ko robar tana tarewa. Na ce haka likita ya faɗa. Sai na yi sauri ina ƙara mata bayani cewa ta jinin asibiti ne, ba wani abu yaron nata ya aikata ba. Ta ɗaga mini hannu.

"Ta inda ta shiga, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ta inda za ta fita kuwa, a gidana ne."

Washegari ta ce in sa abaya. Inna da ba ta shiga mota in dai ƙafa za ta kai ta, ranar ita ta tsayar da tasi, ta ce unguwar Ƙuba, can inda ba a san fuskarmu ba. Muka tsaya a wata saidaliyya, kantin magani. Ni na toge a bakin ƙofa ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa, tsohuwa mai shekara sittin da ɗoriya, ta wuce har gaban mai kantin, wani mutumin Sudan, ta gaya masa da Larabci tana son abin da likitoci ke ce wa maza su sa don kada su shafa wa matansu ciwo. Bawan Allah ya yi tsuru-tsuru, ya ce, ya Hajja, wa za ki saya wa? Ta ce, ɗana. Ranar na fara jin kalmar a bakinta. Ba ta tsaya nan ba, ta yafito ni, ta sa shi ya yi bayanin yadda ake amfani da shi, shi kansa a ƙasa, ni kaina a ƙasa, ita kaɗai ce take kallon kowa. Aka ƙunshe mata, ta cusa ƙunshin cikin mayafi, muka koma gida.

Bayan la'asar ta dafa shayi ta ɗora a tire, ta ajiye ƙunshin a gefen kofi. Ta ce in zauna kusa da ƙofa kada in tashi. Usman ya dawo, ya tsaya a inda ya saba tsayawa ya yi gaisuwa. Inna ta juyo ta dubi tsakiyar idonsa.

"Usmanu."

Wallahi sai da ya waiga bayansa. Ni kuwa tsigar jikina ta tashi, har yau in na tuna sai ta tashi. Ta ce ya shigo ya zauna. Ya zauna, ta tura masa tiren. Da ya gane abin da ke cikin ƙunshin sai ya kawar da kai.

"Ya ummi, aib, abin kunya ne. Wallahi aib. Wannan ba maganarki ba ce."

"Na yi kunyarka tun ranar da na haife ka, domin kuwa haka na tarar ana yi. Yau kunyar za ta kashe 'yar mutane, na ajiye ta."

Ya fara rantsuwa cewa bai taɓa sanin wata mace ba. Ta ce ta sani, ba a kan wannan ta kira shi ba, kada wanda ya tsira daga zina ya ƙare da kisan kai. Ya kawo maganar ɗa namiji. Ta tambaye shi in an haifi ɗan da ciwon, ya tashi babu uwa babu uba, wa zai gode masa? Duk wannan a hankali take magana, ba ta ɗaga murya ba. Sannan ta faɗi abin da ban taɓa zaton zan ji wata uwa ta faɗa saboda ni ba.

"In ka kusance ta babu wannan, ban yafe maka nonon da ka sha ba, duniya da lahira." Ta juyo gare ni. "Ke kuma, ranar da ya zo miki babu, ki tashi ki taho ɗakina. In shi ya sake ki, ni ban sake ki ba."

Usman ya sunkuyar da kai. Can sai na ga kafaɗunsa suna girgiza. Ƙaton mutum, ya ja jiki ya ɗora kansa a gwiwarta yana kuka, yana cewa tsoro yake ji. Ta ɗora hannu a kansa ta ce ita ma. Na tashi na bar musu ɗakin. Da gari ya waye ya zo gaisuwa, ta amsa tana kallon tiren gyaɗa, ta ce mini in gaya wa yaron nan iskar gas ta ƙare.

Aka yaye Safiya, na koma ɗakina, kuma Usman ya riƙe alkawari har ƙarshen rayuwarsa. Allah ya saka masa, domin na san ba da sauƙi ya riƙe ba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne abin da Inna ta biya. Shekaru suka ja babu ciki, mata suka fara magana a gidajen suna da biki. Dangi suka ce namiji ɗaya tilo ba zai zauna da 'ya mace ɗaya ba, suka riƙa kawo masa 'ya'yansu. Duk wadda aka ambata sai Inna ta nemo mata aibi, wannan ta cika surutu, waccan ba ta iya gaisuwa ba. Yaran kirki ne, ta sani, tsare su take yi. Aka ce Bakanuwa ta shanye tsohuwa. Wasu 'yan uwanta suka daina zuwa gidan. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta, amma kalmar za ta tona asirin ɗanta, don haka ta haɗiye. Ita ce fa matar da tun ina amarya take gaya mini burinta ta goya mai sunan mijinta kafin ta mutu.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin Usman ya fara ramewa. Ni da ita muka yi jinyarsa, ita ke dama masa kunu, ni ke ba shi. Da ya cika aka ce wa mutane doguwar jinya ce, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a.

Nakan zauna in yi tunanin abin da Inna za ta ce in ta ga yau. Yanzu akwai maganin da ke riƙe mai cutar ya yi shekaru yana harkarsa, mai ciki ta haihu lafiya ɗanta bai ɗauka ba, ana gwaji kafin aure. Na san za ta yi hamdala, kuma na san za ta tuna da yaron nan, da ya ɗan ƙara jinkiri da ya riski maganin. Amma bayan hamdalar tsaki za ta yi. Domin duk sanda na je Kano ganin gida, sai wata ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa ta gaya mini irin maganar da na gaya wa Inna a gindin ginshiƙi. Mijinta matafiyi ne, hankalinta bai kwanta ba, amma in ta ambaci roba zai ce zarginsa take, ko ya ce ita ce ke da wani abu a ƙasa. Mata masu digiri, da waya a hannu, sun san komai game da cutar, sun fi ni sani nesa ba kusa ba. Kantin magani kuma yana bakin layinsu. Abin da ba su da shi shi ne wani babba a gidan da zai tsaya musu.

Nan ne nake jin haushinmu, mu tsofaffin mata. Mu ne masu yi wa amare huɗubar haƙuri, mu ne kuma masu rufa wa 'ya'yanmu maza asiri. Na san uwar da ta san abin da ɗanta ke ɗauke da shi, ta sa aka je aka nemo masa 'yar mutane, ta yi guɗa ranar ɗaurin aure. In aka tambaye ta sai ta ce kunya, ba a irin wannan magana tsakanin uwa da ɗa. Ni kuwa na zauna da matar da ta fi kowa kunya a duk waɗanda na sani, na kuma ga ranar da ta gane iyakarta. Ba ta yi boko ba, ba ta taɓa zama a taron wayar da kai ba. Har gobe ban san inda ta samo wannan ƙarfin zuciya ba.

Da na fita takaba ita ta matsa mini in je a gwada ni da Safiya, ta ce ƙafarta ƙafata. Ranar karɓar sakamako muka zauna a kan benci a asibiti. Wata likita ta kira ni ciki ta ce babu komai a jinina, babu a na yarinyar. Na fito na gyaɗa wa Inna kai. Inna ta sauka daga kan bencin, ta fuskanci alƙibla, ta yi sujada a tsakiyar hanyar mutane, ma'aikata suna kewaye ta. Ba ta yi kuka a gaban jama'a ba ranar da aka fita da ɗanta, amma da ta ɗago ranar nan mayafinta ya jiƙe. Muka koma gida ta ci abinci sosai, karo na farko tun rasuwarsa.

Mun ƙara shekaru masu yawa tare, ni da ita da Safiya, har ta cika a hannuna. In aka duba yadda mutane ke lissafin abin da mamaci ya bari, Inna ba ta bar komai ba. Gidan da muka zauna an rushe shi da aka faɗaɗa masallaci, alhazai suna sallah a wurin ba su san an taɓa soya gyaɗa a nan ba. Kabarinta ba shi da alama, ko da yana da ita ma, mu mata daga bayan shinge muke tsayawa mu yi addu'a. Sunan mijinta bai samu mai ɗauka ba, kuma da saninta ta bar shi ya tsaya.

Ni kuwa ga ni nan, na yi furfura, gwiwa ta hana ni hawa bene, ina faɗa da jikoki a kan su amsa mini da Hausa. Ba jininta ba ce ni, 'yar wasu ce da aka kawo mata daga nesa, wadda da ta mutu da sai a ce kwana ya ƙare a nemo wata. Duk shekarun da na yi tun daga wancan yammaci, ita ta tsaya a gaban ɗanta ta karɓo mini su. Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Usman. Wanda ke neman abin da Hajja Tabawa ta bari a duniya, ya zo ya gan ni, ina nan da raina.